Jatan Lande Ɗari Da Arba'in, Saura Bakwai

Sallama gare ku masu bibiyata. Yau kada wanda ya yi saurin ba ni haƙuri sai ya kai ƙarshe, domin ina jin in kun gama ba haƙuri za ku ba ni ba, faɗa za ku yi min, kuma na cancanta. A kujerar baya ta motar haya na fara rubuta wannan, daga Kalgo zuwa gida Gwandu.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Jidda, ina ajin ƙarshe a sashen nazarin kifi na jami'ar da ke Kalgo. Akwai wani bawan Allah, Sirajuddeen, mai haɗa wa mutane wutar sola, shekara uku ke nan yana zaryar ƙofar gidanmu. Baba bai ƙi shi ba, magana ɗaya ya kafe a kai: "Ranar da kin ka kawo man takardar gama karatu, ranan nan nika sa rana." Takardar kuwa tana rataye ne a wuyan furojet ɗina, furojet ɗin kuma ba komai ba ne illa wasu jatan lande jajaye, kowanne bai kai tsawon farcen ɗan yatsa ba, da nake kiwo a tankin gilashi. Aikina shi ne in nuna za su rayu su hayayyafa a ruwan garinmu da zafin garinmu. In sun mutu, sai in sake daga farko, shekara guda cur. Su Hajjo kuma, mahaifiyar Siraj, sun riga sun aiko cewa haƙurinsu iyakarsa Babbar Sallah.

Da aka ba mu hutu, malamar da ke duba aikina, Dakta Tabita, ta yarje min in taho da su gida. Siraj ya zo ya kafa min ɗan faifan sola a kan rufin ɗakina don injin iskar tankin kada ya tsaya. Na ɗora tankin a kan teburin ɗinkin Inna na da, nesa da taga, na zuba farin yashi, na dasa ciyawar ruwa. Kullum da safe in dafa ganyen zogale guda ɗaya in jefa musu, su taru a kansa suna tsinka da 'yan hannuwansu. Ranar Juma'ar da ta wuce na ƙirga su, ɗari da arba'in daidai, mata goma sha ɗaya na ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin ciki. Har rawa na taka ni kaɗai a tsakar ɗaki.

Ranar Asabar Anti Indo ta zo, yayar Siraj, ma'aikaciyar lafiya ce a wajen Dodoru. Ta zo karɓar awon ɗinkina ne. Atamfa ruwan goro ta sa, da mayafi mai duwatsu, ga baƙin lalle sabo raɗau har gwiwar hannu, ga humra tun daga zaure ake jin ta. Ni dama tsoron matar nan nake ji, don bakinta ba ya da birki. Tana shiga ɗakina ta tsaya a kan tankin, ta leƙa, ta ɗago ta dube ni.

"Wanga shi na abin da yah hana ƙanena aure shekara ukku? Ƙwari?"

"Ba ƙwari ba ne Anti, jatan lande na."

"To ko miya ba su isa. Kai, boko!"

Sai ta tsoma ɗan yatsanta cikin ruwan tana tsokanar ɗaya. Na so in hana ta, amma wa ya isa ya ce wa yayar miji cire hannunki tun ba a shafa fatiha ba? Na yi murmushin dole na kawo mata zoɓo.

Lahadi da safe na tarar da ɗaya ya mutu, ya yi fari-fari a kan yashi. Guda ɗaya ba abin tashin hankali ba ne, su ma suna tsufa, amma ba a barin gawa a ruwa. Na ɗauko 'yar komata, wato ragar nan mai mariƙi da ake kwaso su da ita, sai na ga ɓera ya cinye gindinta. Irin wannan raga ba a sayar da ita a Gwandu, sai Birnin Kebbi. Na gwada matatar koko, ta yi girma. Na gwada cokali, gawar tana zillewa.

To a nan ne zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba.

Inna tana da wata adaka a ƙuryar ɗakinta, nan take tara min kayan ɗaki tun ina sakandare: zannuwan gado, labulaye, kuloli masu furen zinariya. Ta hana ni ko leƙawa, wai amarya ba ta ganin kayanta sai a ɗakinta. Na san inda take ɓoye makullin, cikin gwangwanin allura. Rannan ta fita barkar haihuwa, sai na buɗe. Can ƙasa na ga gidan sauro shuɗi, sabo dal a ledarsa. Na ce a raina, tafin hannu ɗaya daga gefen ƙasa, wa zai lura? Na ɓarke ledar ta gefe, na sa almakashi na yanko, na mayar na danne da zannuwa. Na ɗauraye ƙyallen sau ɗaya a buta, na ɗinke shi a jikin tsohon mariƙin. Wallahi kyau ya yi, har hoto na ɗauka ina jin kaina gwana. Na tsoma, na kwaso gawar, na rataye komar a jikin ƙusa.

Da rana fuskata ta riƙa zafi kamar na shafa barkono. Na ce zafin gari ne, na wanke da ruwan randa na manta.

Litinin tara suka mutu. Talata talatin da ɗaya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban taɓa ganin irin wannan mutuwa ba. Lafiya lau suke kiwo, sai ka ga ɗaya ya zabura ya hau kewaya tankin da gudu, ya bugi gilashi, ya juyo, ya kife a gefe ƙafafuwansa na karkarwa. Kafin in kwashe shi wani ya fara. Ni kuma tsaye da koma a hannu, duk wanda ya faɗi in tsoma in ɗauke shi da sauri, wai kada ya ɓata wa sauran ruwa. A yini sai in tsoma sau goma, sau ashirin.

Na kira Dakta Tabita. Mutuniyar Zuru ce, ba ta da hayaniya, amma tambayarta kamar ta alƙali. Inna na zaune kusa da ni a bakin gado tana min fifita, don haka na buɗe muryar wayar.

"Kin auna ruwan?"

"Na auna Ma, sau uku. Komai daidai."

"Zafi fa?"

"Fanka na kansa dare da rana."

"Kin canza rijiya? Kin ɗebo da bokitin wanki? Akwai tukunyar tagulla a kusa?"

"A'a Ma."

"An fesa fiya-fiya a ɗakin, ko an kunna maganin sauro? Turaren wuta fa?"

Inna ta karɓe: "Malama, wata ukku rabon ɗakin ga da hayaƙi. Ko kaskona ta hana ni wucewa da shi ta ƙohwa."

"To Jidda, ki nutsu. Wani abu sabo ya shiga ruwan nan. Ki tuna min duk abin da ya taɓa shi daga Juma'a zuwa yau. Duka, ko tsinke ne."

'Yan uwa, idona na kan komar nan a jikin ƙusa. Ina ganinta, shuɗiya. Ban kawo a raina ita ce ba, Allah ne shaidata, amma an ce duka, kuma ita ma sabuwa ce. Sai dai in na ambace ta, tambaya ta gaba ita ce ina na samo ta, ga Inna da mafici a gefena. Sai bakina ya zaɓi hanya mai sauƙi.

"Wata baƙuwa ta tsoma hannu Ma. Da sabon lalle da turare."

Dakta ta ce, "Zai iya yiwuwa, amma ban gamsu ba. Ki canza rabin ruwan. In bai tsaya ba, ki zo min da ruwan da gawar ranar Alhamis."

Na canza ruwa. Suka ɗan lafa na awa biyu, na kwashe matattun da komata, suka ci gaba da faɗuwa. Laraba da hantsi na ƙirga masu motsi, arba'in da shida. A nan hankalina ya gushe. Na zauna a ƙasa da zanin wanka da hular gashi, na danna saƙon murya na tura wa Siraj, minti huɗu ina kuka ina zuba. Ba zan maimaita muku duka ba, kunya ba za ta bar ni ba. Na ce yayarsa ta kashe min aiki. Na ce dama ba ta ƙaunata. Na ce ma'aikaciyar lafiya ce, ta san abin da ke hannunta sarai, ba kuskure ba ne.

Ya kira nan take.

"Jidda, mi kika nuhi? Anti Indo da gangan?"

"Ni dai abin da nig gani na hwaɗa maka."

"Kin tabbata babu wani abu da yat taɓa ruwan ga in ba hannunta ba?"

"Babu."

"Ki sake tunani, don in nit tashi magana ba ni janye ta."

"Nac ce maka babu, Yaya Siraj!"

Siraj mutum ne mai sanyi, amma irin masu sanyin nan da in sun hau ba sa jin kira. La'asar ba ta yi ba ya turo min: "Na same ta gaban Hajjo. Ta yi ta rantsuwa tana kuka. Na kunna masu saƙonki. Na ce masu shekara ukku ban taɓa kama ki da ƙarya ba, kuma ba yau za ki fara ba." Ni na tura ne don in huce, ban ce a kunna wa uwar miji muryata ina kiran 'yarta muguwa ba. Duk da haka wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji, wai an tsaya min. Ku ga halin ɗan Adam.

Yau Alhamis na tashi saura goma sha tara. Na cika kwalba da ruwan tankin, na sa gawa biyar a wata, na zura doguwar rigata baƙa ko guga babu. Kafin in fita na miƙa wa Inna komar hannu da hannu.

"Inna don Allah, in an yi azahar ki duba. Duk wanda yam mutu ki kwashe shi da wagga, kada ki bari ya daɗe."

"To, Allah shi kyauta. Ki ci wani abu kahin ki tahi."

Ban ci ba. Siraj bai raka ni tasha ba yau, yana wani aiki a ƙauye, amma ya ce zai tare ni in na dawo. Dama al'adarsa ce, tun ina aji biyu: duk ranar da zan dawo daga Kalgo, zan same shi a ƙarƙashin bishiyar dogon yaron bakin tasha, ya karɓi jakata, ya sa ni a keke napep, ya biyo mu a baya da mashin har ƙofar gida. Ko ruwa ake yi bai taɓa fashi ba.

A ofis Dakta Tabita ta auna ruwan da kayanta, ta ɗaga kwalbar a hasken taga, ta shinshina.

"Ruwanki lafiya lau a abin da nake iya aunawa a nan. Kina da bidiyon yadda suke mutuwa?"

Na miƙa mata wayar. Ta gyara gilashinta tana kallo. Ɗaya na kewayawa, ya kife, ƙafafu na karkarwa.

"Wannan ba lalle ba ne," ta ce. "Wannan guba ce ta ƙwari. Haka kyankyaso ke yi in an fesa masa magani."

"Ma, wallahi ba a fesa komai ba."

Ta ci gaba da kallo. A cikin bidiyon hannuna ya shigo da koma. Ta danna ta tsayar, ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton har ramukan ragar suka fito manya.

"Wannan shuɗin fa? Ba ita ce ragar da na ba ki ba."

"Ɓera ya cinye waccan Ma. Ni na ɗinka wannan."

"Da me?"

"Da... gefen gidan sauro."

"Sabo ko tsoho?"

"Sabo. A ledarsa."

Ta ajiye wayar a hankali a kan tebur, ta cire gilashin.

"Jidda. Me ya sa ake cewa a shanya sabon gidan sauro a inuwa kwana guda kafin a kwana a ciki?"

"Saboda maganin da ke jikinsa."

"Maganin me?"

Zafin fuskar nan na ranar Lahadi ya dawo min sabo.

"Maganin yana cikin zaren ne, an yi shi ya shekara uku yana kashe sauro, wanki ashirin ba ya fitar da shi. Jatan lande kuwa ɗan uwan ƙwaro ne, abin da zai kashe sauro ɗaya zai kashe su da ƙasa da haka. Na farkon da ya mutu ranar Lahadi, tsufa ne kawai. Sauran, duk lokacin da kika tsoma ragar nan don ki cece su, ƙara musu kike yi. Na tambaye ki ranar Talata. Na ce ko tsinke ne."

Ɗari da ashirin, da hannuna, ina kuka ina kashe su. Sai kiran sallar azahar ya shigo ta taga, na tuna abin da na miƙa wa Inna da safe.

Na fizgi wayar. Kira na farko ba a ɗauka ba. Na biyu ma haka. Na uku aka ɗaga, ban jira sallama ba.

"Inna kada ki sa komag ga cikin ruwa! Ki jehwar da ita! Inna kin ji ni?"

"Ba Inna ba ta."

Muryar Anti Indo ce. Ta dishe, irin ta wadda ta kwana tana kuka.

"Mun taho ni da Hajjo in wanke kaina gaban mahaihiyarki. Mun iske ta tana kwasar abinki da ragar ga. Ina ganin ta nig gane ta, shekara tara ina raba irinta ga mata masu ciki. Na amshe ta daga hannunta. Waɗanda ka motsi na kwashe su da kohin shayi na sa cikin sabon ruwa a roba, na maida masu abin iskan nan. Bakwai na. Biyu na da ƙwai."

"Anti..."

"Ban gama ba. Inna ta buɗe adaka. Ga gidan sauron nan shimhiɗe tsakar ɗaki da ramin almakashi, Hajjo na kallo nai. Kin san wa yak kawo shi gidan ga? Ni. Rabona na, ban kwana cikinai ba, nik kawo ma Inna bara nic ce ta aje ma amaryarmu."

Ta kashe wayar.

Ban san na zauna a ƙasan ofis ba sai da Dakta ta ɗago ni. Da na faɗa mata abin da aka yi a gida, ta ce bakwai, har da mata biyu masu ƙwai, sun isa, in sun kai sati aikina bai mutu ba. Ta ƙulla min gawayin tace ruwa a leda, ta ce in zubar da yashi da ciyawar duka, in wanke tankin sau uku. Har ta ce in gode wa wadda ta yi dabarar kofin, don ita ta ceci shekarata. Na ce to. Ban gaya mata cewa ita ce baƙuwar mai lalle ba.

Mun wuce Kambaza saƙon Siraj ya shigo. Babu sallama, babu "ranki ya daɗe" ɗin da yake tsokanata da shi.

"Abu ɗaya nika tambaya. Jiya da nic ce ki sake tunani, kin tuna da ragar?"

Na rubuta masa cewa ban san tana kisa ba. Gaskiya ne, na goge. Na rubuta cewa tsoron Inna ne ya hana ni faɗa. Shi ma gaskiya ne, na goge. Ba wannan ya tambaya ba. Matar da ke kusa da ni da buhun albasa a cinya ta ce, "Ɗiyata, lahiya kika kuka?" Na ce mata ciwon kai ne, sai na ji na tsani bakina, don ga wata ƙaryar ta sake fita ba wuya.

Na rubuta: "Na tuna."

Na tura. Alamar ya karanta ta fito nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Daga nan har muka shigo Gwandu ban ɗauke ido daga wayar ba, babu abin da ya shigo.

Motar ta tsaya a tasha. Na sauko da jakata a kafaɗa da ledar gawayi a hannu, na duba ƙarƙashin dogon yaron. Mai rake na nan, mai faci na nan da tsohuwar tayarsa. Na tsaya har motar ta juya ta tafi, har mai keke na uku ya gaji da tambayata ina za ni.

Siraj bai zo ba.